Ɗan Daudun Fim Da Ɗan Daudun Tasha

A shekarar 2024 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta ba da sanarwar hana shirya finafinan da ke nuna daudu da daba. Jama'a da dama sun yi murna, har da waɗansu daga cikinmu masu bi. Mu dai ba mu yi gaggawar tafi ba, kuma muna roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya ji dalilinmu, domin ko da yake dokar ta Kano ce, finafinan Kano su ne abincin idon 'ya'yanmu a Talata Mafara da Bakura da Maradun.

Bayan da Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999, an rufe gidajen silima a jihar nan. To amma rufe silima bai hana kallo ba. Kaset ya shiga ɗaki, faifai ya biyo bayansa, yau kuma yaro zai kai wayarsa wurin mai turi ranar kasuwar Mafara a cika masa ita da kuɗi kaɗan. Ga shi 'yan bindiga sun kashe hirar dare a ƙauyuka da yawa, abin da ya rage wa yaro bayan magariba sai wannan ɗan allon da ke hannunsa. Abin da fim ya gaya masa game da mutum, shi zai riƙe.

To me fim ɗin Hausa ya gaya masa game da ɗan daudu? Shekara da shekaru magana ɗaya ce. A ɗaura wa ɗan wasa zane, ya karya murya, ya riƙa tafa hannu yana yanga da habaici, 'yan kallo su sha dariya. Marigayi Rabilu Musa, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, ya yi fim mai suna Ibro Ɗan Daudu, kuma babu mai musun gwanintarsa wajen ban dariya. Amma a yawancin finafinan da suka bi wannan hanya, ɗan daudu ba shi da uwa, ba shi da gari, ba ya ciwo, ba ya cin bashi, ba ya zuwa jana'iza. Murya ce kawai da zane.

Ɗan daudun tasha kuwa daban yake, kuma duk direban da ke bin hanyar Gusau zuwa Sakkwato ya san shi. Shi ne mai tashi tun asuba ya hura wuta, ya tuƙa tuwo, ya soya kaza, ya ba ɗan kamasho abinci bashi. Wani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano a shekarun 1990, ya kuma wallafa littafi a kansu a 2009. Ya tarar da cewa da yawansu suna da mata da 'ya'ya, suna salla, suna ɗaukar nauyin iyayensu, waɗansu har sun je Makka. Ya kuma nuna abin da dattawa suka daɗe da sani, wato daudu da luwaɗi ba abu ɗaya ba ne. Akwai ɗan daudun da ke neman maza, akwai wanda ba ruwansa, sa'an nan akwai mai neman maza da babbar riga da rawani wanda ba wanda zai taɓa nuna shi da yatsa. Fim ya haɗa su duka a tukunya ɗaya, ya zuba wa matalaucin cikinsu.

Kada wani ya ce katikis ya sake koyarwa. Abin da Ikkilisiya ke koyarwa a kan aure, cewa tsakanin namiji ne da mace, shi muke koya wa masu shirin baftisma, ba mu ƙara ba mu rage ba. Amma Littafin da ya koya mana haka shi ne ya hana mu shaidar zur a kan maƙwabci, bai kuwa ware maƙwabcin da ba mu yarda da halinsa ba. Wanda ya nuna wa dubban mutane ɗan Adam a matsayin abin wasa kawai, ya ba da shaida a kansa, kuma shaidar ba ta cika ba.

Mu ne ya kamata mu fi kowa gane wannan. Mun ga yadda finafinai suka sha nuna Bamaguje, ga tulun burkutu, ga wauta, sai ya bar addininsa kafin ya zama mutum. Mun ga Kirista kullum baƙo ne mai gurguwar Hausa, alhali tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, da ita muke waƙa, da ita muke binne matattunmu. Mun san fuskar yaron da ya dawo daga makaranta an kira shi da sunan da aka ji a fim. Da tashar Arewa24 ta sa Stephanie a cikin Daɗin Kowa, yarinya Kirista mai iyaye da tunani da damuwarta, ai mun ji sanyi a rai, ba don an yabe mu ba, sai don an nuna mu mutane.

A ƙasar nan dariyar ba ta tsayawa a dariya. A watan Janairu na 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi. A cikin wannan watan ne taron jama'a suka yi ta jifan wata kotun shari'a a Bauchi, suna neman a miƙo musu waɗanda ake tuhuma tun alƙali bai yanke hukunci ba. A 2022 wata kotu a Ningi ta yanke wa mutum uku hukuncin jefewa. Inda abu ya kai haka, nuni da yatsa ya isa ya halaka mutum. Yaron da Allah ya yi shi da siririyar murya, ko wanda ke taya uwarsa girki don ba ta da 'ya mace, shi zai fara ɗaukar sunan, ba tare da ya aikata komai ba. Masu karatun Yohanna sura 8 sun san abin da Ubangijinmu ya yi da taron masu duwatsu.

Shi ya sa hanin Kano bai gamsar da mu ba. Da fari ya ɗaure mai soya kaza da mai sara da adda da igiya ɗaya. Na biyu, ya cire ɗan wasan amma bai kawo mutumin ba, tsofaffin finafinan kuma suna nan a waya. Gefe guda ga na Amurka da ke shigowa ta intanet, inda mai neman jinsi kullum mai kuɗi ne, ba ruwansa da Allah, ba shi da dangin da zai ji kunyarsu. Shi ma ba mutumin tasharmu ba ne.

Ba mu da iko a kan Kano, balle Amurka. Amma akwai dandalin da ke hannunmu. A ikkilisiyoyi da dama, in matasa za su yi wasan kwaikwayo ranar Kirsimeti ko a taron zumunta, sai a nemi yaro a ɗaura masa zane don a tada masu gyangyaɗi. A nan babu hukumar tacewa sai fasto da katikis da shugabar zumuntar mata. Muna roƙonsu bana su zauna wurin gwaji kafin ranar wasa, su tambayi matasan ko wannan mai zanen yana da suna, da kuma abin da zai faɗa in dariyar ta lafa.