An Koya Mana Cika Takarda, Ba a Koya Mana Rubutu Ba

A watan jiya wata ɗaliba da ta zo ɗakin labaranmu neman sanin makamar aiki ta miƙo mini rahotonta na farko. An tura ta ne ta ɗauko labarin gobarar da ta tashi a wata kasuwa. Shafi uku ta rubuto. Sakin layi na farko ya yi bayanin muhimmancin kasuwanci ga ɗan Adam tun zamanin kaka da kakanni, na biyu ya kawo ma'anar gobara, sai can a ƙasan shafi na biyu na gano shaguna nawa suka ƙone. Na ce ta mayar da shi layi goma. Ta dube ni kamar na ce ta yanke yatsanta, ta ce, "Malam, a makaranta in ka rubuta kaɗan, maki kaɗan za a ba ka."

Ba ta yi ƙarya ba, kuma laifin ba nata ba ne. Ni ma haka na fito daga sashen koyon aikin jarida, da digiri a hannu da jimloli masu jan jela. Zargina yana kan yadda jami'o'inmu suke koyar da rubutu: sun mayar da shi awo, ana auna shi da mudu kamar gero.

Kowane ɗalibin jami'a a Najeriya sai ya bi ta kwas ɗin sadarwa da Turanci a shekararsa ta farko, wanda aka fi sani da GST 111. Ana tara ɗaruruwan ɗalibai a zaure ɗaya, malami yana bayani ta lasifika kan sassan jimla da alamomin rubutu. A jami'o'i da dama jarrabawar a kwamfuta ake yin ta, ta hanyar zaɓen amsa ɗaya cikin huɗu. Wato mutum zai iya cin kwas ɗin rubutu da babban maki ba tare da ya rubuta jimla ɗaya tasa ta kansa ba. Wannan daidai yake da a ba mutum lasisin tuƙi don ya haddace sunayen sassan mota.

Inda kuwa ake yin rubutun, sai a ce kada ya gaza shafi kaza. Ɗalibi ya rubuta, ya miƙa, takardar ba za ta sake dawowa hannunsa ba. Lamba kawai zai gani a allon sanarwa. Bai san inda ya yi daidai ba, bai san inda ya kauce ba. A shekarar ƙarshe a ɗora masa kundin bincike mai babi biyar, wanda kaurinsa ne abin da ido ya fara gani. Shin abin mamaki ne in shagunan buga takardu na bakin jami'a sun zama kasuwar sayar da kundi? In kauri ake nema, ai kauri yana sayuwa.

Ranar da ɗalibin ya shiga ofis, ma'aunin yakan juye. Darakta ba shi da lokacin gabatarwa. Yana son sanin abin da ya faru, nawa za a kashe, wa zai sa hannu. Edita yana son mafi muhimmanci a sama, domin in wuri ya ƙure daga ƙasa zai yanke. Likita mai rubuta bayanin mara lafiya ga abokin aikin da zai karɓe shi da dare, da injiniya mai rahoton gadar da ta tsage, duk rubutunsu yana da mai karatu na gaske, wanda zai yi wani abu bisa abin da ya fahimta. A shekara huɗu ta jami'a, ɗalibarmu ba ta taɓa rubuta wa irin wannan mutum ba. Ta rubuta wa mai ba da maki ne, shi kuwa dole ce ta sa yake karantawa.

Da muka ci gaba da hira, sai ta faɗi abin da ya fi tsaya mini a rai. Ta ce ta fi gane abin da nake nufi in ta tuna da fim: da zarar fitowa ta yi tsawo ba dalili, yatsanta kan tura ta gaba. Gaskiyarta. Masu rubutun fim suna aiki da ƙiyasin cewa shafi ɗaya minti ɗaya ne a allo, kuma kowane minti kuɗi ne: kyamara, wuta, abincin ma'aikata. Saboda haka ake koya musu su shiga fitowa a makare, su fita da wuri. Ba sai an nuna mutum yana sa takalmi, yana tare a-daidaita-sahu, yana sallama ba. A fara daga inda rigimar take. Mai kallo ba ya bin kowa bashin haƙuri, kuma wannan ne darasin da ajin rubutu ya ɓoye mana.

Kada masu Kannywood su yi saurin murna. Masana'antar da ta faro da Turmin Danya a Kano a 1990 ta kamu da ciwon nan ita ma, musamman tun da fina-finai masu dogon zango suka mamaye YouTube. Sai ka ga an kwashe mintuna ana gaisuwa, an tambayi gajiya da iyali da ruwa, sannan wani ya zauna ya ba wani labarin abin da muka gani da idonmu a fitowar da ta wuce. Wannan shi ne babi na biyu na kundin digiri, an dai sa masa kayan kwalliya. Inda aka yi dace da marubuci mai iya yanka, mutane kan jira kashi na gaba kamar albashi.

Abin takaicin shi ne muna da hanyar koyarwa a gida. A tsangaya, almajiri yakan rubuta allonsa, ya kai gaban malam a duba, a nuna masa inda ya yi tuntuɓe, ya gyara. Ba a wanke allo sai karatu ya zauna. Abubakar Imam ma bai zama Abubakar Imam shi kaɗai a ɗaki ba. A Zariya ya zauna da Rupert East na Hukumar Talifi, ana rubutawa ana dubawa, har Magana Jari Ce ta fito a 1937, sannan ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Za a iya sukar manufar Turawan mulkin mallaka a wannan aiki, kuma akwai abin suka. Amma salon da har yau yaro ke karantawa ya fahimta, dattijo ya karanta ya yi murmushi, ya bi ta hannun mai dubawa.

Na san amsar da malaman jami'a za su ba ni, kuma ba na raina ta: mutum ɗaya ba zai iya gyara takardun ɗalibai ɗari takwas ba, ga albashin da ba ya kai wa ƙarshen wata. To, amma wannan hujja ce a kan dogon rubutu. Wanda ba zai iya karanta shafi goma ba, me ya sa yake neman shafi goma? A nemi kalma ɗari da hamsin, a mayar wa ɗalibi ya sake sau uku. A raba aji rukuni-rukuni ƙarƙashin ɗaliban digiri na biyu. A sa kowa ya karanta nasa da babbar murya a gaban 'yan'uwansa, domin kunne yana kama abin da ido ya yafe. A bar shi ya gwada da Hausa ma, tunda wanda ya kasa tsara tunaninsa da harshen uwarsa, manyan kalmomin Turanci mayafi ne kawai a gare shi.

Lokaci ma ya ƙure. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, shafi goma ya zama aikin daƙiƙu. Jami'ar da har yanzu tsawo take sakawa da maki, na'ura take yi wa jarrabawa. Abin da ya rage a hannun ɗan Adam shi ne sanin abin da ya kamata a faɗa, da wanda za a faɗa wa, da abin da za a zubar.

Ɗalibar ta sake rahoton sau uku. A na ƙarshe, layin farko ya faɗi kasuwar da ta ƙone, da lokacin, da yawan shagunan, da cewa ba a rasa rai ba. Ta ce ta ji zafin zubar da sakin layin nan na tarihin kasuwanci, don ta yi dare a kansa. Na ce ta ajiye shi, wataƙila zai yi mata amfani in ta koma makaranta.