Dawanau: Kasuwar hatsi na buƙatar ma'auni da rajista, ba kwaɗo kaɗai ba

A watan Fabrairun 2024, lokacin da farashin abinci ya yi tashin gwauron zabo, Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano, ƙarƙashin Muhuyi Magaji Rimingado, ta garƙame wasu rumbunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye kayan abinci. Talakawa sun yi murna, 'yan kasuwa kuma suka ce haja ce, ba ɓoyo ba. Gardamar ta yi wuyar rabuwa ne saboda babu wata rajista a bainar jama'a da za ta nuna buhu nawa ya shiga rumbu, na wane ne, kuma yaushe zai fita.

Ciniki ne ya gina Kano. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, kasuwar Kurmi ke tara fatake. Zuwan jirgin ƙasa a 1911 ya haifar da dalar gyaɗa, ya ɗaga irin su Alhassan Ɗantata. Yau wannan gado yana Dawanau, a kan hanyar Katsina cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, inda masara da dawa da gero da wake ke wucewa Nijar da Chadi da Kamaru, riɗi da zoɓo da citta kuma su nufi tashar jiragen ruwa. Sai dai ciniki mai girman haka har yanzu ya dogara ne ga idon dillali da hannun mai awo. Mai saye zai soka buhu ya duba ƙwaya, amma ba zai san abin da ke ƙasan buhun ba sai ya zazzage.

Birnin Shikago na Amurka ya taɓa zama a wannan hali. Shi ma hatsin manoman karkara ne ya raya shi, ta hanyar ruwa da layin dogo. A 1848 'yan kasuwarsa suka kafa majalisar ciniki, kuma a shekarun 1850 ta raba alkama aji-aji. Manomi ya kai kayansa rumbu, a auna, a ba shi takardar da ta faɗi nauyi da aji. Da wannan takarda zai sayar, ko ya karɓi bashi, ba tare da an ɗaga buhu ko ɗaya ba.

Su ma ba waliyyai ba ne. Masu rumbuna sun riƙa gauraya mai kyau da maras kyau suna cutar manoma, har jihar Illinois ta yi doka a 1871 ta ɗora duba hatsi a wuyan hukuma. A 1877 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar wa jihar ikon ƙayyade kuɗin ajiya. Ba ta rufe rumbunan ba, ta buɗe littattafansu ne.

Rashin irin wannan tsari ya riga ya ci Najeriya. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga ƙasar, saboda yawan maganin ƙwari irin fiya-fiya da aka samu a ciki. Hukuncin ya faɗa kan kowa, har da wanda ya adana nasa da tsafta, domin babu takardar da za ta bambanta shi da mai algus. Waken da Turawa suka ƙi kuwa, tukunyar gida ce ke cinye shi.

Akwai kuma ƙaramin manomi na Tofa ko Bichi, mai gona 'yar kaɗan a ƙasar da ko taki ɗaya ba a bari ba shuka. Da kaka yake sayarwa da arha don biyan bashin taki, da bazara ya sayi hatsin nan da tsada. Da yana da takardar rumbu da banki ya yarda da ita, da ya jira.

Aikin yana kan gwamnatin Kano da ƙungiyar 'yan kasuwar Dawanau: sikeli tantacce a ƙofofin kasuwa, ɗakin gwajin danshi da ragowar magani, da rajistar kowane babban rumbu, wadda za a riƙa fitar da jimillarta duk mako.