Mamaci Ba Ya Musu

Jama'a 'yan'uwa talakawa na Birnin Kebbi da Argungu, yau maganarmu a kan jirgin sama take. Kada wani ya ce wannan zancen manya ne. Filin jirgin Sir Ahmadu Bello yana nan Ambursa, a tsakanin garuruwanmu biyu, kuma daga nan ne jirgin farko na alhazan Nijeriya ya tashi a 2024. Su wa ke cika waɗannan kujeru? Mai shinkafa ne da ya yi shekaru yana tari, da Bakaben da ya tsufa cikin kwalekwale, da tsohuwa mai sayar da daddawa. Tun da kuɗinmu ne da rayukanmu, muna da bakin magana.

Ga yadda abin yake. Sama ba ta da kwalta, amma tana da hanyoyi hawa hawa. Mai ba da hanya yana ƙasa da rediyo, shi ke yanka wa kowane jirgi tsayin da zai bi, a bar ƙafa 1,000 tsakanin wannan da wancan. In matuƙi ya zame daga tsayin da aka ba shi, to ya shiga hanyar wani, ga gudu, ga shi babu birki.

Abin da ya faru ke nan a Indiya ran 12 ga Nuwamba 1996. Jirgin Saudiyya ya tashi daga Delhi, aka ce ya tsaya a ƙafa 14,000. Jirgin Kazakistan yana zuwa, aka ce ya tsaya a 15,000. Na Kazakistan ya yi ta gangarowa bai ankara ba, har suka yi karo. Mutum 349 suka hallaka, da yawansu masu tafiya neman abinci ne irinmu. Matuƙi ya yi laifi, ba mu musa ba. Amma da alƙali ya bincika, sai aka ga na'urar da ke filin Delhi ba ta nuna tsayin jirgi, abin da matuƙi ya faɗa da baki shi ke nan. Kuma masu tashi da masu sauka hanya guda suke bi. Hukumar Indiya ta ji kunya, ta raba hanyoyin, ta kafa na'ura mai nuna tsayi, ta tilasta wa jirage ɗaukar abin gargaɗin karo.

To mu fa? Kwana biyar kafin wannan, ran 7 ga Nuwamba 1996, jirgin ADC ya taso daga Fatakwal zuwa Ikko. Mai ba da hanya ya zaci ya riga ya ba shi umurnin yin ƙasa, alhali bai ba shi ba. Jirgi biyu suka doshi juna, matuƙi ya yi wuf zai kauce, jirgi ya kife ya faɗa ruwa a Ejirin, mutum 144 suka tafi. Tun can baya ma, ran 20 ga Nuwamba 1969, jirgin Nigeria Airways da ya taso daga London ya yada zango a Kano, ya kusa Ikko sai ya yi ƙasa fiye da kima, ya daki itatuwa. Mutum 87 ne a ciki, ko ɗaya bai fita ba.

Duk lokacin da irin wannan ta auku, mun san karatun. Manya su sa baƙin tabarau su zo ta'aziyya, a kafa kwamiti, a ce kuskuren matuƙi ne, a ce ƙaddara ce. Matuƙi kuwa yana kabari, mamaci ba ya musu. Laifi tudu ne. Wa ya koya masa aikin? Wa ya ba shi takardar izni? Wa ya duba ko ya sami barci kafin ya tashi? Wa aka ba kuɗin sayen na'ura? Mun yi imani da ƙaddara, amma wanda ya bar akuyarsa a waje ba turke, kura ta ɗauke, ba ya zuwa ya yi mana wa'azin haƙuri.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma ba roƙo muke yi ba. Na ɗaya, hukumar binciken haɗurra ta NSIB ta riƙa fitar da rahotonta da Hausa, a karanta a rediyo, mai tallan kifi ya ji. Na biyu, hukumar NAMA ta faɗa wa jama'ar Kabi a fili irin na'urorin da ke Ambursa, da ranar da aka gwada su, tun ba lokacin hazon hunturu ba. Na uku, kafin Hukumar Alhazai ta ba kamfani kwangilar ɗibar mutanenmu, ta bayyana tarihinsa. Na huɗu, wakilan da muka zaɓa su tashi a majalisa su yi waɗannan tambayoyi, in sun ƙi mu tuna musu ranar ƙuri'a.

Mai kujerar gaba da mai kujerar baya duk tsayi guda suke bi. In manya ba su tausaya mana ba, su tausaya wa kansu. Mu dai ba za mu yi shiru ba sai mun ji amsa.