Kalmar Mako: Kwamfutar Da Ke Karɓar Albashi

 Kalmarmu ta yau kowa ya san ta, har wanda bai taɓa shiga aji ba. Ita ce "computer", wadda muka ara muka mayar kwamfuta.

Ranar 2 ga Mayu, 1892, jaridar New York Times ta Amurka ta buga wani ɗan gajeren labari mai kanun "A Computer Wanted". Da na fara cin karo da shi sai na ce, ikon Allah! Wace na'ura ake nema a 1892, lokacin da ko wutar lantarki ba ta shiga yawancin gidaje ba? Ashe mutum ake nema. Labarin ya ce za a yi jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati a Washington, don cike gurbi biyu a ofishin da ke tsara littafin lissafin taurari na matuƙa jiragen ruwa. Gurbi ɗaya albashinsa dala 1,000 ne, ɗayan kuma dala 1,400. Mai nema zai amsa tambayoyin aljabara, da lissafin siffofi da kusurwoyi, da ilimin taurari.

Yaya aka yi mutum ya zama kwamfuta? Ku dubi ginin kalmar. "Compute" na nufin yin lissafi, ɗafin "-er" kuma yana nuna mai yin aikin, kamar a "teacher" da "driver". Haka muke samun manomi daga noma, maɗinki daga ɗinki. Ke nan ma'anarta ta asali ita ce mai lissafi.

Mata da yawa sun yi wannan aiki. A ƙarshen ƙarni na 19, cibiyar binciken taurari ta Jami'ar Harvard ta ɗauki mata suna nazarin hotunan sararin sama, ana kiran su da wannan suna. Katherine Johnson ma da wannan muƙami ta fara aiki a 1953, a hukumar da daga baya ta zama NASA. A 1962, kafin John Glenn ya kewaya duniya a kumbo, ya nemi ita ta sake bin lissafin da na'ura ta yi. A hankali, bayan bayyanar manyan na'urori irin ENIAC a 1946, na'ura ta gaje aikin, ta kuma gaje sunan.

To ina ruwan ɗalibi da wannan tarihi? Da ruwansa. A jarrabawar Turanci ta WAEC da NECO ana ba ku nassi, a ce ku kawo kalmar da za ta maye gurbin wata yadda aka yi amfani da ita a wurin. A nan ake asarar maki, domin wasu sukan rubuta ma'anar da suka haddace ba tare da duba jimlar ba. Kalma kuwa ana gane ta ne da maƙwabtanta. Idan ka ga "computer" tare da albashi da jarrabawa, ai ka san ba ta kan tebur ake nufi ba. Sannan ka tambayi kanka: yaushe aka yi wannan rubutu?

Hausa ma ba ta tsira ba. "Waya" daga "wire" ta fito, wato zaren ƙarfe. A zamanin kakanninmu, in an ce an buga waya, sau da yawa saƙon tangarahu ake nufi. Yau ga waya a aljihun kowa, babu ko zare a jikinta.

Aikinku na wannan mako: ku zauna da Kaka ko Baba, ku tambaye su wata kalma da ma'anarta ta sauya tun suna yara. Ku rubuto mana tare da sunan makarantarku, za mu buga waɗanda suka fi ma'ana.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A dage da karatu.