Yabon Kai Ko Shaidar Aiki? Matasan Karkarar Arewacin Kano Da Takardar Neman Aiki

Duk shekara, Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, da Jami'ar Bayero suna yaye ɗalibai masu yawa waɗanda suka fito daga ƙauyukan Makoɗa, Tsanyawa, Ɓagwai, Minjibir da Dawakin Tofa. Da zarar an tallata gurbin aiki, abu na farko da ake nema daga gare su shi ne takardar bayanin kai, wadda aka fi sani da CV. Abin da aka saba gani shi ne matashi ya nufi shagon buga takardu na bakin tasha, mai kwamfuta ya buɗo takardar wani da ya riga shi zuwa, ya goge sunan wancan ya sa na wannan. Sai a tarar takardun mutum goma sun zo da kalamai iri ɗaya: mai ƙwazo, mai gaskiya, mai son aiki da jama'a. A gurbin ƙwarewar aiki kuwa ba a ganin komai sai shekarar hidimar ƙasa.

Wannan giɓi ba daga rashin aiki ya samo asali ba. Yankin da waɗannan matasa suka taso yana cikin karkarar Kano mai cunkoson jama'a, wadda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi ta nazari a kanta tun shekarun 1960. A wannan yanki gona ba ta cika samun hutu ba. Ana nome ta kowace damina, ana riƙe ƙarfinta da takin dabbobi, ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a fili guda. Yaron da ya girma a nan ya san lokacin shuka da na firi da na maimai, ya san ɓarnar ƙuduji, ya san yadda ake adana wake a buhu mai ruɓi uku ba tare da magani ba. Wani ya yi noman rani a Watari, wani ya riƙe littafin lissafin dillali a kasuwar Dawanau, wata ta shekara biyar tana koyarwa a Islamiyya ko tana bi gida-gida a aikin rigakafin shan-inna. Duk wannan aiki ne, amma ba ya shiga takarda.

Dalilai biyu ne suka fi jawo haka. Na farko shi ne raina abin gida: an ɗauka cewa aiki sai wanda aka yi a ofis ana biyan albashi. Na biyu kuwa tarbiyya ce. Bahaushe ya tashi da jin cewa yabon kai jahilci ne, kuma kunya da kawaici ado ne ga ɗa na gari. Mutumin kirki yakan bari wasu su faɗi alherinsa. Wannan tarbiyya abar riƙewa ce, sai dai an ɗora ta a inda ba muhallinta ba. Abin mamaki ma, takardar da ake kwafowa a shago ita ce ainihin yabon kai, domin cike take da siffofin da babu mai iya tabbatar da su. Wanda ya rubuta cewa shi haziƙi ne ya yi wa kansa kirari. Wanda ya rubuta cewa ya kula da gonar gidansu mai eka uku na tsawon damina huɗu, yana rubuta abin da aka kashe da abin da aka girbe, shaida ya bayar, kuma ana iya zuwa a tambaya.

Saboda haka, hanya mafi sauƙi ita ce matashi ya fara rubuta bayanansa da Hausa kafin a juya su zuwa Ingilishi. A kan kowane aiki ya amsa tambayoyi huɗu: mene ne aikin, a ina aka yi shi, daga yaushe zuwa yaushe, kuma me ya haifar. Harshen da mutum yake tunani da shi ba ya barin sa ya ɓuya a bayan manyan kalmomi. Bayan haka sai ya dubi wurin da yake nema. Hukumar KNARDA, ko ƙungiyar Sasakawa, ko cibiyar IITA mai gonar bincike a Minjibir, idan suna neman malamin gona ko mai tattara bayanai, suna buƙatar wanda manoma za su saurara, wanda ya san yadda ake sallama a ƙofar gidan mai unguwa. A nan sai a sa aikin gona a sama. Idan kuwa gurbin koyarwa ne, sai Islamiyya da aikin koyon koyarwa su hau gaba. Takarda ɗaya ba ta dacewa da kowane gurbi, kuma shafi biyu sun ishi mai neman aikin farko.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da suke kayar da mutane. Lambar waya ta zama wadda ake samu, ko da kuwa a ƙauyen sai an fita bayan gari ake samun sabis. Adireshin imel ya ɗauki sunan mutum na gaskiya, kuma a riƙa duba shi. Masu ba da shaida su zama waɗanda suka ga aikin da idonsu, kamar shugaban makaranta ko na ƙungiyar manoma, a kuma nemi izininsu tukuna. Sunan babban mutumin da bai san mai takarda ba ba ya amfanar da komai. Uwa uba, ranar haihuwa da rubutun suna su yi daidai da abin da ke kan takardar jarrabawa da lambar NIN, domin ramin ƙarya ƙurarre ne.

Wasu za su ce duk wannan ɓata lokaci ne, tunda a ƙasar nan aiki sai mai uwa a gindin murhu. Maganar ba ta rasa gaskiya, kuma kyakkyawar takarda ba ta ƙirƙiro gurbin da babu shi. Sai dai wanda ya fi kowa buƙatar gyara takardarsa shi ne wanda ba shi da kowa. Ɗan masu hali yana da mai yi masa magana. Ɗan manomi daga Makoɗa takardarsa ce kaɗai za ta shiga ɗakin da ake tantancewa. Idan ta shiga bebiya, ya faɗi tun kafin a gan shi.

Nauyi ya rataya a wuyan makarantu. Ya kamata sassan Hausa da na darussan gama-gari su koyar da wannan rubutu kamar yadda suke koyar da wasiƙa da insha'i, kuma kada ɗalibi ya fita sai malami ya duba takardarsa. Ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomi ma za su iya shirya zaman gyaran takardu a lokacin hutu. Su kuma matasan su tuna cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya yi aiki ya faɗe shi yadda yake, da wurinsa da shekararsa, ya bar yabo ga mai karantawa.