Ra'ayinmu: Tufka Da Warwara A Bakin Kasuwa

Duk wanda ya saba shiga babbar kasuwar Garwa, ko yake kai-komo tsakanin nan da Mubi da Yola, ya san cewa 'yan kasuwa suna da wasu kalmomi waɗanda rabinsu ke ƙaryata rabi. Mai kayan sawa zai ce maka wannan rigar "sabon gwanjo" ce. Mai saye ya ɗaga atamfa ya ce ta yi "mugun kyau". Daga Turancin Ingilishi da ke shigo mana tare da kayan Nijeriya kuma mun ari "orijinal kwafi", wato na ainihi amma kwaikwayo. Masana Turanci suna kiran irin wannan magana "oxymoron", kalmar da ita kanta aka haɗa daga kalmomin Girkanci biyu masu karo da juna, ɗaya na nufin mai kaifi, ɗaya na nufin dakusasshe. Bahaushe ya taƙaita, ya ce tufka da warwara.

Babu shakka da yawa daga cikin waɗannan kalmomi raha ce da gishirin ciniki, kuma ba su cutar da kowa. Wanda aka ce wa "sabon gwanjo" ya san an taɓa sa kayan, yana kuma biyan kuɗin da ya dace da su. Abin da ya sa wannan jarida ta ga ya kamata ta yi tsokaci shi ne akwai wasu daga cikinsu da aka mayar mayafin rufe ɓarna, har kunnuwanmu suka saba da su, muka daina jin ɗacinsu.

Mu fara da "orijinal kwafi". Idan a kan takalmi ne ko agogo, asarar ba ta wuce ta aljihu ba. To amma wannan kalma ta daɗe da tsallakawa zuwa birkin mota, da wayar lantarki, da maganin ƙwari na gonar auduga, da kuma maganin zazzaɓin cizon sauro da ake shanyawa a rana a kan faranti. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane 10 na magungunan da ke yawo a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi jabu ne ko kuma marar inganci. Idan ba a manta ba, a lokacin annobar sanƙarau ta 1995 a Jamhuriyar Nijar, an yi wa dubban mutane allurar rigakafi ta jabu. Marigayiya Dora Akunyili, wadda ta shugabanci hukumar NAFDAC ta Nijeriya daga 2001 zuwa 2008, ta sha da ƙyar daga harbin bindiga a 2003 saboda yaƙin da ta yi da masu wannan sana'a. Maganin da babu sinadari a cikinsa sunansa jabu, kuma ɗan kasuwar da ya sayar da shi yana sane, hakkin rai na kansa.

Sai kuma "kyautar dole", wadda a kan hanya ake yi wa laƙabi da na goro ko kuɗin shayi. Kyauta ita ce abin da mutum ya bayar da daɗin ransa. Abin da direba ke miƙawa a shinge don kada a sauke masa buhunan albasa su ruɓe a rana, cin hanci ne, ko da an karɓa da murmushi. Abin mamaki shi ne ƙungiyar CEMAC, wadda aka rattaba hannu a kan yarjejeniyar kafa ta a Njamena a 1994, ta yi alkawarin zirga-zirgar mutane da kaya ba tare da tsangwama ba, kuma a 2017 duka ƙasashenta 6 suka amince da soke biza a tsakaninsu. Haka nan a 2018 aka sa hannu a Kigali a kan yarjejeniyar kasuwanci marar shinge ta nahiyar Afirka. Duk da haka, kowane falke da ya bi hanyar Garwa zuwa Marwa har Kusiri zai iya ƙirga maka wuraren da ya tsaya ya sa hannu a aljihu ba tare da an ba shi rasit ba. Wannan kuɗi kuwa ba ya tsayawa a kan direba, domin ana ɗora shi a kan kowane mudu, a ƙarshe uwargida ce ke biya a kasuwa.

Na uku shi ne abin da Bature ke kira buɗaɗɗen asiri, wato asirin da kowa ya sani. Shekaru aru-aru man zuwa-zuwa yana shigowa daga Nijeriya ta ɓarauniyar hanya, amma ana jera shi cikin kwalabe a bakin titi da rana tsaka, haramtacce a takarda, halattacce a idon jama'a. Dubban matasa suka dogara da shi, kuma babu wanda ya tsaya ya tambayi abin da zai faru ranar da rijiyar ta ƙafe. Ranar 29 ga watan Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, nan take farashin zuwa-zuwa ya yi tashin gwauron zabo a arewacin Kamaru, kuɗin babur da na dako suka bi shi. Kafin wannan, a watan Agustan 2019, Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗewa ba sai Disambar 2020. Darasin a fili yake: sana'ar da aka gina a kan kau-da-kai na hukuma, sanarwa ɗaya daga Abuja ko Yawunde ta isa ta rushe ta.

Ko a kuɗin da muke riƙewa akwai irin wannan tufka da warwara. Sefar da bankin BEAC ke bugawa da wadda bankin BCEAO ke bugawa sunansu ɗaya, darajarsu ɗaya, kowace 655.957 ce a kan Yuro guda, amma ɗan kasuwar Garwa da ya je Maraɗi sai ya nemi ɗan canji ya sayi sefa da sefa, a kuma rage masa. A farkon 2023 ma, lokacin da aka canja fasalin naira takardun kuɗi suka yi ƙaranci, mun ga yadda mutane suka riƙa sayen naira da naira.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan kasuwa da su fara gyara daga gida. A kira jabu da sunansa, a hana shi rumfa, musamman magani da kayan gyaran mota. Duk wanda aka nemi ya biya wani kuɗi a hanya ya nemi rasit, ƙungiyoyi kuma su riƙa rubuta wuri da rana da adadin abin da aka karɓa, su kai ƙara a ƙungiyance gaban hukumar CONAC, wadda aka kafa a 2006 don yaƙi da cin hanci, domin direba ɗaya ba zai iya ja da mai kaki shi kaɗai ba. Su ma hukumomi, wajibi ne su rage yawan shingaye, su liƙa jadawalin kuɗin fito a ƙofar kowane ofishin duwan cikin Faransanci da Hausa da Fillanci, yadda wanda bai yi boko ba zai san abin da doka ta ɗora masa. Malamai da limamai kuma su ci gaba da tunatarwa a kan haramcin algus da tauye mudu.

Raha a kasuwa ba laifi ba ce, "sabon gwanjo" da "mugun kyau" suna iya ci gaba da zama da mu. Amma kalmar da ke ɓoye cuta a fito da ita fili, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma amana ita ce jarin da kakanninmu fatake suka bar mana a kan wannan hanya ta Binuwai. Allah Ya sa mu dace.