Hill House: Dannau, fatalwa da wayar da 'yan uwa ba su ɗauka ba

Yawancin finafinan ban tsoro hanyarsu ɗaya ce: a kashe fitila, a yi tsit, sai wata mummunar fuska ta faɗo da ƙara, ka zabura wayarka ta kusa suɓucewa. Kafin gari ya waye ka manta. Shirin The Haunting of Hill House, wanda Netflix ta saki a watan Oktoban 2018, yana da irin wannan zabura, sai dai abin da ke hana mutum barci a cikinsa daban ne. Wanda bai kalla ba ya sani zan tona wani ɓangare na labarin.

Mike Flanagan ne ya ba da umarnin kashi 10 ɗin duka, ya ɗauko tushen daga littafin Shirley Jackson na 1959. Hugh Crain da matarsa Olivia sun tare da 'ya'yansu biyar a wani tsohon katafaren gida a jihar Massachusetts ta Amurka a 1992, da niyyar su gyara su sayar. Wani dare uban ya kwashi yaran ya gudu, uwar ta mutu a ciki. Bayan shekara 26 kowannensu na ɗauke da tabonsa. Steven, babbansu, ya yi kuɗi da rubuta labarin gidan alhali bai yarda da fatalwa ba. Shirley sana'arta gyaran gawa. Theo ba ta rabuwa da safar hannu. Luke ya faɗa shaye-shaye.

Sai tagwaiyar Luke, wato Nell, wadda a ganina ita ce shirin. Tun tana ƙarama take farkawa cikin dare, idonta biyu, jikinta ya ƙi motsi, wata mata mai karyayyen wuya na tsaye a kanta. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan, dannau ne. Likitoci sun ce yana faruwa ne idan ƙwaƙwalwa ta farka kafin jiki ya saki daga ɗaurin da yake yi lokacin mafarki. A gidajenmu kuwa da an ji sai a ce iska ce. Gardamar nan ita ce ta raba gidan Crain. Steven ya dage cewa taɓin hankali ne ke bin jininsu, uban ya san abin da ya gani amma ya yi gum shekara da shekaru.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk cikinsu babu wanda ya zauna da yarinyar. Mijinta Arthur, wanda ya koya mata yadda za ta riƙa fita daga dannau, ya faɗi ya mutu a gabanta. Ta daina shan magani. Likitanta ma ya ba ta shawarar ta je ta fuskanci gidan. Ranar ƙarshe ta kira Steven, ta kira Shirley, ba wanda ya ɗauka, kowa na ganin rigimar Nell ce da aka saba. A kashi na 5 ne mai kallo ke gano cewa matar mai karyayyen wuya Nell ɗin ce da kanta, mutuwarta ce ke bibiyarta tun yarinta.

Mun san irin gidan nan. Wata za ta yi wata da watanni ba barci, ba cin abinci, yayyenta na can na musu, wannan ya ce a kai ta ruƙiyya, wancan ya ce asibitin ƙwaƙwalwa. Ana iya haɗa addu'a da magani, amma musun kan yi tsawo har a manta a tambaye ta me ke damunta.

Kashi na 6 ya tara su gaban gawarta, aka ɗauke shi a dogayen ɗauka biyar, mafi tsawo kusan minti 17 ba yankewa. Kyamara na zagaye su suna jifar juna da laifi, ga fatalwar Nell tsaye can baya ba mai ganin ta. (Masu kallo a waya su ƙara haske, akwai fuskoki da aka ɓoye a lungunan gidan a kusan kowane kashi.)

Ƙarshen shirin kam bai gamsar da ni ba. Bayan kashi tara ana nuna mana gidan na cinye mutane, sai na 10 ya lallaɓa shi ya koma kamar wurin hutun matattu, ga dogayen jawabai da sulhu cikin gaggawa. Kuma shiri ne na manya: akwai kisan kai, allurar ƙwaya da mu'amalar da ba ta yara ba, don haka kada a miƙa wa ƙanne waya a ce su rage dare da shi.